Kafin a Sake Zuba Kwalta: Yadda Ake Gano Ainihin Ciwon Hanya

Akwai wani gangare a kan wata hanyar jiha da na taɓa aiki a kai, tsawonsa bai wuce mita 300 ba. Duk rani sai an kawo tifa da rola an yi masa faci, duk Agusta kuma sai ya koma gidan jiya. Da aka tura mu dubawa, kafin mu sauke kayan awo sai muka tsaya wurin masu sayar da rake a bakin hanyar. Wani dattijo ya ɗaga sandarsa ya nuna, ya ce, “Injiniya, nan ai fadama ce tun muna yara, kuma kwalbatin can yashi ya cike shi tun bara waccan.” Muka haƙa rami a gefen sawun taya. Ba mu yi nisa ba muka tarar da jiƙaƙƙiyar laka wadda za ka mulmula a tafin hannu kamar tuwo. Kwaltar da ake ta zubawa ba ta da laifin komai. Mai ciwon ciki ne aka yi ta shafa wa man zafi a fata.

Shi ya sa ake binciken ƙarfin hanya kafin a kashe mata kuɗi. Tambaya guda ake son amsawa: a wace shimfiɗa ciwon yake, kuma me ya kawo shi?

Hanyar kwalta irin tamu hawa huɗu ce. Can ƙasa akwai ƙasar wurin ta asali wadda aka daɓe, ita ke ɗauke da komai, zan riƙa kiranta ƙasar gindi. A kanta akwai cikon burji. A kan burji akwai shimfiɗar dutse, wani lokaci fasasshen dutse, wani lokaci zaɓaɓɓen burji ko wanda aka gauraya da siminti. Sai kwalta a sama. Aikin kowane hawa shi ne ya baza nauyin taya, ta yadda kafin nauyin ya isa ƙasar gindi ya ragu har ta iya ɗauka. Direba saman kawai yake ji. Hanya na iya yin sumul alhali cikinta ya ruɓe, wata kuma fuskarta duk tsaga ce amma ƙashinta garau yake.

Mataki na farko: takardu da bakin mutane

Ka nemi zanen da aka gina hanyar da shi, da shekarar gini, da kaurin kowane hawa, da tarihin gyare-gyare. In hanyar tarayya ce, ofishin kwanturolan ayyuka na jihar da na FERMA, hukumar gyaran hanyoyin tarayya da aka kafa a 2002, su ne wuraren farawa. In ka samu takardun, kada ka ɗauke su kamar yankan wuƙa. Abin da aka zana daban, abin da aka zuba daban, rami ne zai raba gardama. In ba ka samu ba, direbobin tasha da masu gonakin gefen hanya sun san inda ruwa ke kwanciya da inda tirela ke kafewa. Ka rubuta abin da suka faɗa tare da alamar kilomitar wurin.

A ranar kuma ka sa a bi gefen hanya da fenti ana rubuta nisa duk mita 50 ko 100. Duk awon da zai biyo baya da waɗannan lambobin za a ɗaure shi. Awon da ba a san takamaiman inda aka yi shi ba, asarar mai ce kawai.

Mataki na biyu: taka hanyar da ƙafa

Ka fara bin ta a mota a hankali, zuwa da dawowa, don ka ga yanayinta gaba ɗaya. Sannan ka sauka. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai daga cikin mota mai gudu ba ya ganin komai. Ka fita da sassafe, lokacin da rana ke kwance tana jefa inuwa cikin tsaga, ko bayan yayyafi, sa'ad da saman kwalta ya bushe amma tsagogin na riƙe da danshi; a lokacin har tsaga mai sirantar gashi za ta fito ɓaro-ɓaro. Kayan aikin ba su da yawa: miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2, ɗan katako mai tsini da aka yi wa alamun milimita, tef, alli, takardar cikewa da waya mai kyamara. Masu tuta biyu, gaba da baya, da riguna masu ƙyalli, ba ado ba ne. Ban yarda kowa ya durƙusa a kan babbar hanya babu mai tsare masa baya ba.

Abin da za ka karanta a fuskar hanyar kala-kala ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Tsagar da ta fi kowace magana ita ce mai kamar fatar kada, ƙananan gidaje manne da juna. In a kan sawun taya kaɗai take, wato layuka biyun da tayoyin manyan motoci ke bi, to gajiya ce: hanyar na lotsawa fiye da kima duk sanda nauyi ya hau, har kwaltar ta karye kamar wayar da aka yi ta lanƙwasawa. Wannan ciwon ciki ne. In kuwa tsagar ta bazu ko'ina, har tsakiyar hanya inda taya ba ta cika bi ba, kuma manyan gidaje ne masu kusurwa huɗu, galibi tsufa ne. Rana irin tamu na ƙona man da ke cikin kwalta, 'yan milimitocin sama su bushe su yi tauri, sai tsaga ta faro daga sama ta nufi ƙasa. Wannan ya zama ruwan dare a ƙasashe masu zafi, kuma yakan ruɗi wanda ya haddace cewa tsaga kullum daga ƙasa take tasowa. Inda aka gauraya shimfiɗar dutse da siminti kuma, za ka ga tsagogin da suka gitta hanya a kusan tazara ɗaya. Simintin ne ya tsuke, ba lallai rauni ba ne, amma ƙofa ce ga ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ka duba bakin tsagar da kyau. In ka ga jar ƙura ko farin gari ya bushe a gefenta kamar an tofa, ruwa ya riga ya shiga, kuma duk tayar da ta wuce tana matso shi waje tare da garin shimfiɗar da ke ƙasa. Wurin nan rami ne da bai gama haihuwa ba.

Doguwar tsaga da ta bi tsawon hanya kusa da gefe, wani lokaci har hannu na shiga, ka zargi ƙasar gindi. Duk wanda ya yi aiki a yankin Numan, ko tsakanin Gombe da Yola, ko can wajen Dikwa da Gamboru, ya san baƙar lakar nan da ake kira firki a ƙasar Borno. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare. Gefen hanya ya fi tsakiya jiƙa da bushewa, don haka sai ya riƙa hawa da sauka kamar fiffike, kwalta ta yage a mahaɗar.

Sai kwarin taya. Ka gitta miƙaƙƙen ƙarfen nan a kan sawun taya, ka cusa katakon mai tsini a inda ya fi zurfi, ka karanta. Ƙasa da milimita 10 ba abin tashin hankali ba ne. Daga 20 zuwa sama magana ta girma, don ruwa zai riƙa kwanciya a ciki. Amma siffar kwarin ta fi zurfinsa bayani. Kwari mai faɗi, wanda ya lotsa a hankali babu tudu a gefensa, daga can ƙasa yake, ƙasar gindi ko burji ne suka danne. Kwari siriri mai kunya a kowane gefe, kamar an ja garma, kwaltar ce da kanta ta narke ta gudu: ko mai ya yi mata yawa, ko haɗin tsakuwar bai yi ba. Irin wannan za ka fi ganinsa a hawa, da shatale-tale, da shingen bincike, duk inda tirela ke tafiyar hawainiya a tsakar rana. Yana iya faruwa a kan gindi mai ƙarfin gaske, kuma ƙara masa sabuwar kwalta a kai ba tare da an kankare ta banzar ba, asara ce.

Sauran alamomin, kamar kwalta ta yi gumi tana ƙyalli, ko tsakuwa na sakewa tana watsewa, ko bakin hanya na gutsurewa inda motoci ke sauka, yawanci na fata ne. Ka rubuta su dai. Faci ma ka ƙirga shi a matsayin ciwo, musamman faci a kan faci.

Ga kowane tsakanin lambobin nisa biyu da aka rubuta da fenti, ka rubuta irin lalacewar, da tsananinta, da faɗin da ta ci. Akwai tsare-tsaren ba da maki: na Amurka da ake kira PCI yana ba hanya daga 0 zuwa 100, a Nijar da sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci kuma za ka ji ana maganar VIZIR. Akwai kuma ma'aunin gargada, IRI, wanda Bankin Duniya ya tsayar a 1986, ana auna shi da mota mai na'ura. Duk suna da amfani wurin jera hanyoyi a san wadda za a fara da ita. Babu ɗayansu da zai gaya maka kaurin kwaltar da za ka zuba.

Mataki na uku: bi sawun ruwa

Wannan bai kamata ya ɗauke ka dogon lokaci ba, amma kada ka tsallake shi. Ka leƙa cikin kowane kwalbati, kada ka tsaya a kansa kawai. Ka duba ko lambatu na da mafita, ko kuwa tafki ne mai tsawo. Ka duba ko yashi da ciyawa sun taru a kafaɗar hanya har ta fi kwalta tudu, ruwa ya rasa hanyar sauka. Ka auna gangarowar hanya daga tsakiya zuwa gefe. Abin da aka saba shi ne wajen santimita biyu da rabi a kowace mita. Sannan ka tsaya daga nesa ka duba tsayin hanyar a kan gonakin da ke kewaye da ita. Hanyar da ta yi daidai da ƙasa, ko ta fi ta kwari, a cikin ruwa take kwana duk damina. Ka ɗora wannan bayani a kan na tsagogi. Sau da yawa za ka ga wuraren da suka fi lalacewa sun faɗa daidai inda ruwa ya rasa mafita.

Mataki na huɗu: auna lotsawa

Nan ne ainihin gwajin ƙarfi. Duk hanya tana ɗan lotsawa in taya ta hau, ta dawo in ta wuce. Ido ba ya gani, don abin bai cika wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Hanya mai ƙarfi kaɗan take lotsawa, mai rauni da yawa.

Tsohon kayan aikin, wanda har gobe yana ci, shi ne sandar Benkelman, da sunan injiniyan Amurka da ya ƙirƙiro ta a 1953. Doguwar sanda ce ta mita 3.66 da ke lilo a kan madogara, ɓangaren gaba ya ninka na baya sau biyu, a ƙarshen bayan kuma akwai agogon awo. Ana buƙatar babbar mota mai aksul ɗaya a baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin hagu da na dama, da tagwayen taya a kowane gefe. A loda mata yashi ko tsakuwa har aksul ɗin bayan ya kai tan 8.2, kuma a kai ta sikeli a tabbatar, kada a yi kirdado. A rufe lodin da tamfol, don yashin da ruwa ya doka ya ƙara nauyi. A duba iskar taya kowace safiya.

Yadda ake yi: mota ta tsaya da tagwayen tayarta a kan wurin da aka yi wa alama, a sawun taya na waje, na kusa da gefen hanya, don shi ya fi shan wahala. Ka zura bakin sandar tsakanin tayoyin biyu ba tare da ta taɓa roba ba. Ka saki makullin, ka ɗan ƙwanƙwasa jikin sandar da yatsa don allurar agogo ta zauna, ka karanta. Direba ya ja gaba a hankali ya yi nisa sosai. Ka jira allura ta daina motsi, ka sake karantawa. Bambancin karatun biyu, in ka ninka shi sau biyu saboda rabon sandar, shi ne lotsawar wurin. Ka fara tabbatarwa ko agogonka irin wanda aka riga aka yi wa ninkin ne. Na ga rahoton da aka ninka sau biyu a kan ninki, hanya mai lafiya ta fito kamar katifa. Ana maimaita wannan duk mita 50 ko 100, a matse tazarar inda ido ya ga matsala.

Abubuwa biyu ke ɓata wannan awo. Na farko zafi. Kwalta da hantsi daban take da kwalta da azahar. In ta yi zafi sai ta yi laushi, lotsawa ta ƙaru. Don haka ake huda ɗan rami mai zurfin kamar santimita 4, a ɗiga mai a ciki, a tsoma ma'aunin zafi, a rubuta a gefen kowane karatu, daga baya a mayar da duka zuwa zafi ɗaya. A Ingila digiri 20 suke ɗauka, a Indiya 35, wanda ya fi kusa da namu. Na biyu, kuma shi ya fi muni, lokacin shekara. In ka auna a watan Maris, ƙasar gindi ta bushe ƙamas, kowace hanya jaruma ce. Gaskiyarta na fitowa ne a ƙarshen damina, Satumba zuwa farkon Oktoba a arewacin Najeriya da kudancin Nijar. In dole ta sa ka auna da rani, ka rubuta hakan ƙarara a rahoto, kuma ka koma wasu wuraren bayan ruwa ka gwada bambancin.

Na'urar zamani, wadda ake kira FWD a taƙaice, ana janta ne a bayan mota. Tana sakin nauyi ya faɗo a kan faranti mai faɗin milimita 300, bugun ya kwaikwayi tayar tirela mai gudu, galibi kwatankwacin tan 4 zuwa 5. A jere daga farantin akwai na'urorin jin motsi guda bakwai ko tara, har zuwa nisan mita ɗaya da rabi ko fiye. Fifikonta a nan yake: sandar Benkelman zurfin lotsawar kawai take ba ka, wannan kuwa siffar kwanon gaba ɗaya take zanawa. Kwano mai zurfi da ƙunci, wanda ya mutu kusa da faranti, yana nuna raunin a sama yake, kwalta ko shimfiɗar dutse. Kwano mai faɗi, wanda har na'urorin nesa suka ji shi sosai, ƙasar gindi ce ke kuka. Akwai manhajojin kwamfuta da ke lissafo taurin kowane hawa daga wannan siffa, amma sai ka ba su kaurin hawan na gaskiya. In ka ba su na takarda, za su ba ka amsa mai kyan gani wadda ba ta da alaƙa da hanyar.

Nawa ne ya yi yawa? Ya danganta da motocin da za su bi. A nawa ƙiyasin, a babbar hanyar tirela, ƙasa da rabin milimita hankalina kwance yake, in ya haura milimita ɗaya da rabi kuma na san ba maganar shafe ba ce. Hanyar ƙauye da ba ta ganin tirela sai ranar kasuwa za ta iya rayuwa da abin da zai kashe babbar hanya cikin damina biyu.

Mataki na biyar: raba hanyar gida-gida

Ka zana dogon layi a takarda mai wakiltar hanyar, ka jera lotsawa, zurfin kwari, yawan tsaga da bayanin ruwa, kowanne a ƙarƙashin ɗan'uwansa, bisa alamar kilomita. Za ka ga hanyar ta rabu da kanta zuwa sassa masu hali ɗaya. Kowane sashe da nasa magani. A cikin sashe kuma kada ka yi aiki da matsakaicin lotsawa, don rabin hanyar ya fi matsakaicin rauni. Ana ɗaukar adadi na can sama ne, wanda wurare kaɗan ne suka wuce shi. Waɗannan kaɗan ɗin a ware su, a yi musu gyara na musamman.

Mataki na shida: shiga ciki

Yanzu ka san inda za ka haƙa. Kafin diga, akwai wani ƙarfe mai sauƙi da nake ganin ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta mallaka, ana kiransa DCP. Sanda ce siririya mai tsinin ƙarfe a baki, faɗin tsinin milimita 20, da guduma mai kilo 8 da ke zamewa a jikin sandar tana faɗowa daga tsayin milimita 575. Mutum uku ke aikin: ɗaya ya riƙe sandar a tsaye cak, ɗaya ya ɗaga guduma ya saki, ɗaya ya karanta ya rubuta. Mai ɗagawa kada ya doka gudumar a sama, kada kuma ya taimaka mata wurin saukowa. Sai an cire kwalta tukuna, sannan a fara. Duk bugu biyar a rubuta zurfin da aka kai, har wajen santimita 80.

In ka zana yawan bugu da zurfi, layin zai riƙa karyewa, kuma duk inda ya karye iyakar wani hawa ce. Ka ga ka samu kauri ba tare da babban rami ba. Saurin shigar kuma yana ba da ƙarfi a ma'aunin CBR, wanda aka faro a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda fasasshen dutse mai kyau ke da maki 100. Bisa lissafin hukumar binciken hanyoyi ta Ingila, TRL, milimita 5 a kowane bugu ya kama CBR wajen 55, milimita 10 wajen 26, milimita 20 wajen 13, milimita 40 kuma wajen 6. Ƙa'idar ayyukan hanya ta Najeriya na neman 80 ga shimfiɗar dutse, 30 ga cikon burji. Don haka in sandarka na nutsewa milimita 15 a bugu guda tun daga ƙarƙashin kwalta, ka samu mai laifi. In tsinin ya ci karo da dutse ya tsaya, kada ka rubuta cewa wurin ƙarfe ne. Matsa gefe kaɗan ka sake.

Daga nan sai yankan kwalta da injin mai baki kamar gwangwani, faɗin milimita 100 ko 150. Ka yanka wasu a kan tsaga daidai. Guntun da ya fito zai nuna maka ko tsagar ta tsaya a sama ko ta ratsa har ƙasa, ko hawan kwalta biyu sun manne ko sun rabu, ko kuma ruwa ya wanke man daga jikin tsakuwa har tana zubewa a hannu.

Sai ramin gwaji, kamar mita ɗaya a kowane gefe, wanda ya ci sawun taya na waje. A haƙa shi hawa-hawa, ana tsayawa a kan kowanne a auna kauri da ƙarfin daɓensa, a ɗebi samfur. Na awon danshi a ɗaure shi cikin leda nan take, kada a bar shi a rana ana hira. A ɗakin gwaji za a tankaɗe shi a ga rabon tsakuwa da gari, a auna danƙonsa, a jiƙa shi a ruwa a gwada CBR. Tun a bakin ramin ma kana iya jiƙa ɗan garin burjin ka murza a tafi. In ya yi dogon zare siriri bai karye ba, yumɓu ya yi masa yawa. Ka lura da bangon ramin: jar ƙasa ta kutsa cikin fasasshen dutse? ruwa na tsattsafowa daga wani hawa? Kuskuren da aka fi yi shi ne haƙa ramuka a wuraren da suka lalace kaɗai. Ka haƙa aƙalla ɗaya a inda hanyar ke lafiya a sashe guda. Bambancin ramukan biyu shi ne amsar da kake nema. In an gama a mayar da ciko hawa-hawa, a daɓe, a rufe da kwalta a ranar. Ramin gwajin da aka bari buɗe shi ne ramin farko na sabuwar lalacewa.

Mataki na bakwai: wa ke bin hanyar?

Ƙarfi ba shi da ma'ana sai an gwada shi da kaya. Babban gwajin da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna abin da har yau ake aiki da shi: in nauyin aksul ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya ba sau biyu take ninkawa ba, wajen sau 16 ne. An ɗauki aksul mai tan 8.2 a matsayin mudu. Aksul mai tan 12, iyakar da dokar 2005 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta sa wa aksul guda mai tagwayen taya, kuma Nijar na cikinsu, ya kai wajen mudu 4 da rabi. Mai tan 16 ya kusa 15. Ƙaramar mota kuwa, sai dubbai sun wuce kafin su cika mudu guda. Saboda haka ƙirga tasi da babura ba zai gaya maka komai game da ƙarfi ba.

Ka ƙirga manyan motoci kwana bakwai a jere, har da dare a wasu kwanakin, don tirela ta fi son dare. Ka san ranakun kasuwa da lokacin kaka. Ka auna nauyin aksul da sikelin tafi-da-gidanka, kowane hannu daban: tankar mai na hawowa arewa a cike ta koma fanko, shi ya sa sau da yawa hannu ɗaya na hanya ke riga ɗayan mutuwa. A ce ka samu manyan motoci 300 a rana a hannu ɗaya, kowacce mudu 5. Mudu 1,500 ke nan a rana, 547,500 a shekara, sama da miliyan 8 a shekara 15, tun ba a sa ƙaruwar motoci ba. Wannan adadin za ka kai wa jadawalin zane, wanda ke nuna kaurin da kowane hawa ke buƙata.

Mataki na takwas: yanke hukunci

Shaidu uku ne a gabanka: ido, lotsawa da rami. In bakinsu ya zo ɗaya, ka ci gaba. In sun saɓa, kada ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi, ka koma hanyar.

Inda lotsawa kaɗan ce, kwari babu zurfi, tsagar kuma ta tsaya a sama, toshe tsagogi da feshin kwalta da tsakuwa ya wadatar, ko a kankare 'yan santimitocin sama a mayar da sabo. Inda gindi ke da sauran ƙarfi amma bai kai na motocin da ke tafe ba, a ƙara sabon hawan kwalta mai kaurin da lissafi ya bayar, bayan an yanke wuraren fatar kada an cike su tun daga ƙasa. In ba haka ba tsohuwar tsaga za ta huda sabuwar kwalta ta fito a inda take. Inda shimfiɗar dutse ce ta mutu amma ƙasar gindi na nan daram, ana iya niƙe tsohuwar kwalta da dutsen a gauraya da siminti ko kumfar kwalta a sake shimfiɗawa, irin dabarar da aka yi aiki da ita a sassan hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano. Inda ƙasar gindi ce, babu gajeriyar hanya: a tone, a canza ƙasar ko a gyara ta da farar ƙasa in yumɓu ce, a ɗaga hanyar sama da matakin ruwa. A kowane hali, aikin lambatu da kwalbati shi ke gaba. A gangaren nan da na fara ba da labari, abin da muka rubuta ke nan: a yashe kwalbati a ƙara masa baki, a tone mita 300 ɗin, a ɗaga su.

In faɗaɗa hanya za a yi ko sabon gini, kayan aikin ba su canza ba. A bi layin da DCP da ramuka kafin zane, a gwada burjin kowane wurin ɗiba kafin tifa ta fara jigila, a bi kan kowane hawa da loda mai nauyi ana kallon inda zai motsa kafin a rufe shi. Ranar karɓar aiki kuma a auna lotsawar sabuwar hanyar a adana, don wanda zai zo dubawa bayan shekara goma ya samu abin kwatantawa.

A shafin farko na rahotonka ka rubuta watan da aka yi kowane awo, da nauyin motar gwaji, da zafin da aka mayar da karatun. Ka kuma rubuta cewa in damina biyu ta wuce ba a fara aiki ba, a sake taka hanyar a maimaita awon lotsawa a sassan da ke da tsaga kafin ɗan kwangila ya shigo da kayansa.